Ganyen da Na Kira Goro

Halima, Yusuf, na san kun taɓa jin ana ce mini Bashir Mai Giya. Ke Halima a bakin wata tsohuwa kika ji, a gidan suna a unguwar Mount Hope ta Bronx, kika dawo kina kallona ta gefen ido har kwana biyu ba ki ce komai ba, don rashin tambaya a wurina kika gada. Kai kuma Yusuf a mota ka tambaye ni kai tsaye, na ce maka sai wata rana. To, ga ranar ta zo. Da Hausa na rubuta ko da yake na san da Turanci za ku amsa, saboda labarin a kan kalmomi uku na Hausa ya rataya, in na juye shi a wani harshe zubewa zai yi.

Da na zo birnin nan na New York karatun kimiyyar abinci, a gidan Kawu Ɗanjuma na sauka, ƙanen mahaifiyata. Kun san shi da tsufansa, yana raba muku alewa yana barci a kujera. A lokacin da nake faɗa muku mutum ne mai ƙarfi da kaifin baki, yana da ɗan shago a Harlem inda yake sayar da goro da turare da tasbaha, amma goron ne sana'ar, sauran rakiya suke yi. In an kawo masa huhu, ɗaya zai ɗauka ya fasa, ya gatsa, ya lumshe ido, ya faɗa wa mai kaya daga inda aka tsinko shi da kwanakin da ya yi a hanya. Ba a musu da shi a kan daushe. Matarsa Anti Mariya 'yar Zangon Kumasi ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta har ita kanta tukunya, kuma ba ta iya magana a hankali ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗakin da suka ba ni, ɗakin da suka daɗe suna ajiye wa wani ne, kuma tun ranar farko Kawu yake gabatar da ni a masallaci da "ɗana". Ni kuwa a gidan nan mai cike da murya kamar kujera nake. Ina gaisuwa, ina cin abinci, ina wanke kwanona, in koma kan littafi. Ina da ɗan littafin aljihu da nake rubuta komai a ciki, har minti nawa jirgin ƙasa ya makara. Anti Mariya takan ce in aka bar ni sai in auna gishirin miyarta da ma'aunin zinare.

A shekarar ƙarshe makaranta ta ce ba wanda zai karɓi takardar gamawa sai ya yi wata shida yana aiki a masana'antar da ake sarrafa ci ko sha. Takarduna masu kyau ne, saboda haka ana kirana ganawa. A ganawar nake faɗuwa. Su yi tambaya, in san amsa, in tsaya ina gyara ta a zuci har su gaji su wuce ta gaba. Wuri biyar haka. Na shida wata mata ce mai suna Nora, mai ƙaramar masana'anta a St. George, can tsallaken ruwa. Ita ba ta yi mini tambaya da yawa ba, littafin aljihuna ta gani ta ce in ba ta, ta buɗe shafi uku ta ce in fara Litinin. Masana'antar giya ce. Abin da take so in yi shi ne aiki a ɗakin gwaji kan wani sabon abin sha da take son fitarwa, giya marar maye, don masu tuƙi da masu ciki da waɗanda suka daina sha. Na koma gida na rubuta mata sharaɗi a takarda, tunda baki ba zai iya ba: ba zan ɗanɗani duk abin da yisti ya taɓa ba, ba zan ɗauki kwalba in miƙa wa kowa ba, kuma ranar Juma'a zan fita da rana. Ta sa hannu. Har na bar wurin ban karya ko ɗaya ba.

A gida kuwa na ce kamfanin lemo ne. Wannan ƙarya ce, ni na yi ta, kuma ba na neman ku wanke ni daga gare ta. Na ga takardar gamawa a gabana, na ga fuskar Kawu, na zaɓi hanyar da ba sai na yi magana mai tsawo ba.

Kullum da safe in hau jirgin ƙasa daga Mount Hope har ƙarshen Manhattan, in shiga feri, jirgin fiton nan mai launin ruwan goro, in zauna a kujera ɗaya ta gefen hagu ina karatu har mu tsallaka. A kan ruwan nan na koyi hops. Bari in faɗa muku ko mene ne, don duk abin da ya biyo baya a kansa ne. Wata shuka ce mai yaɗo da ke hawa igiya, tana fitar da ɗan fure kore mai ɓawo-ɓawo. Ana busar da furen, a niƙa, a matse shi ƙwaya-ƙwaya kamar abincin kaji. In an dafa tsiron sha'ir ruwan yakan fito da zaƙi mai gundura, sai a zuba hops a tafasa tare, shi ke kawo ɗacin da ke karya zaƙin, shi ke kawo ƙamshi. Wanda aka zuba da wuri ya daɗe yana tafasa, ɗaci yake bayarwa. Wanda aka zuba dab da saukewa, ƙamshi. Kuma iri-iri ne, kowane da halinsa, kamar yadda goron wata ƙasa ba ya zama goron wata.

Matsalar Nora ita ce, a giyar da ke bugarwa mayen yana lulluɓe kaifin ɗaci, kamar yadda mai ke lulluɓe yaji a miya. Da aka cire shi sai ɗacin ya tsaya tsirara. Sau huɗu suna dafawa kafin zuwana, duk wanda ya kurɓa sai ya ajiye kofi. Iri uku take da su a gabanta, kuma dole ta zaɓi wanda za ta ƙulla yarjejeniyar shekara guda da manomansa kafin wata ya ƙare. Akwai Cascade, na ƙasar nan, mai ƙamshin ɓawon lemo, shi ne ɗan gaban goshinta don da shi ta yi suna. Akwai Saaz na Turai, mai ƙamshin ciyawa da ƙasa bayan ruwa, wanda babban mai dahuwarta ya rantse a kai. Sai Magnum, wanda ba wanda ke yi wa waƙa, ƙamshinsa kaɗan, ƙarfinsa da yawa, ɗan tsunkule ya isa tukunya.

Aikina shi ne in daidaita su. Sai in tafasa kowanne a ruwa zalla na awa ɗaya, in ƙara wannan in rage wancan, har na'urar auna ɗaci ta ba ni lamba ɗaya a kan duka ukun. A takarda sun zama abu guda. Ruwa da ganye ne kawai, ba abin da ya hana ni kurɓa, sai na kurɓa. Nan na gane na'urar kurma ce. Na Saaz, saboda sai an zuba da yawa kafin ya kai lambar, yana kama harshe ya busar da dasashi, daidai da ɗanyar kanya. Wannan bauri ne. Na Cascade yana shiga da fara'a, ƙamshi ya cika hanci, amma in ya wuce sai ya bar abu a maƙogwaro yana karta, kamar jiƙon maɗacin da ake ɗura mana muna yara. Wannan maƙaƙi ne. Na Magnum ɗaci ne tsantsa, ya zo, ya tsaya, ya tafi. Turawan nan kalma ɗaya suke maimaitawa a kan duka ukun, in sun matsa su ƙara mata "sosai" ko "kaɗan". Ni kuwa kakata ta raba mini su tun ban shiga makaranta ba. Na rubuta a littafina: Kanya, Maɗaci, Goro.

Ranar taron zaɓen iri na tashi in faɗa. Mutum shida ne a tebur. Na ce Magnum, aka ce don me, na buɗe baki na rasa Turancin bauri, na rasa na maƙaƙi. Mai dahuwa ya nuna takardata da kansa ya ce ai ga lambobina nan, duk ɗaya ne, in kuwa ɗaya ne gara mai ƙamshi. Aka yi dariya ba ta mugunta ba, na zauna. Da aka watse Nora ta tsayar da ni a ƙofa ta ce ta ga alamar akwai abin da na sani, amma ba za ta ɗaure kanta shekara guda a kan abin da ke cikin kaina ba. Ta ba ni zuwa Litinin in fito da shi yadda kowa zai ji a bakinsa.

Saboda haka na ɗebo ƙulli uku a jakar leda mai azurfa, na rubuta wa kowanne sunan da na raɗa masa, na kawo gida don in sake gwadawa a ƙarshen mako. Hops ba ya son zafi. Na buɗe firij na tura su can baya, kusa da rigar da Kawu ke naɗe goronsa a ciki.

Ranar Asabar bayan azahar Kawu ya yi baƙi, abokansa biyu daga masallaci. Ina ɗakina ina jin hirarsu. Ya ɗaga murya ya ce Mariya ta kawo goro. Anti ta buɗe firij, ta ga ƙulli mai sheƙi an rubuta "Goro" da kyakkyawan rubutu, ta ɗauka wani sabon samfuri ne ɗansu ya sayo wa kawunsa, ta ɗora a faranti ta kai. Kawu ya yage bakin ledar a gaban mutane. Ku da kuka tashi a garin nan kun san warin da ke tashi a matakalar bene in samarin maƙwabta sun taru. Hops da ganyen wiwin nan dangi ne na kusa, warinsu har ya so ya zama ɗaya. Warin ya cika falon. Sai na ji muryar Anti, tana ƙoƙarin yin raɗa, raɗar da aka ji har ƙasan bene:

"Alhaji, akwai biyu kuma. Ɗaya Kanya, ɗaya Maɗaci. Haka masu abin nan ke yi, suna ba shi suna."

Baƙin suka tuna suna da wurin zuwa. Kawu ya raka su ƙofa, ya dawo, ya kira ni da cikakken sunana, abin da bai taɓa yi ba. Na tarar da ƙulli uku a jere a kan tebur. Na durƙusa. Bai yi tsawa ba. Ya ce shekara ashirin da wani abu yana garin nan, ɗan sanda bai taɓa sanin lambar ƙofarsa ba. Ya ce shirun da nake yi ashe na aiki ne. Sannan ya tambaya:

"Sha kake yi, ko sayarwa?"

Na ce ko ɗaya. Na ce ba abin da suke zato ba ne, ganye ne da ake sa wa a abin sha.

"Wane abin sha?"

Ina iya cewa lemo, kuma da ya yarda, don yana neman abin da zai yarda da shi. Na dubi rubutuna a kan ledar. Na ce giya. Daga nan magana ta ɓalle mini, ni da ba na haɗa jimla uku a jere. Na faɗi ganawa biyar da na faɗi, na faɗi Nora, na ɗauko takardar sharaɗi na nuna, na yi bayanin cewa wadda nake wa aiki ba ta da maye, kuma ko ita ban taɓa kai ta baki ba. Anti ta zauna a hannun kujera tana cewa alhamdu lillahi ba wiwi ba ne, sai kuma ta tuna abin da ya zama, ta koma salati. Kawu ya saurara har na gama.

"Giya marar maye," ya ce. "Kura marar haƙori ma, in ka gan ta a garke, ba ka ce mata tunkiya."

Ya ce abu biyu ne. Wurin da nake aiki, wannan tsakanina da Ubangijina, ga malamai nan in je in tambaya, kuma ya san abin da za su ce. Amma wata biyu ina cin tuwonsa ina ce masa lemo, wannan tsakanina da shi ne. Ya ba ni zaɓi: in bar aikin Litinin in zauna, ko in ci gaba in nemi ɗaki kafin ƙarshen wata. In na bar aikin, shekarar ta tafi, kuma takardar zamana a ƙasar a kan karatun take. Ya san haka, na san haka. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Abin da ya fi ci masa rai a yammacin nan, daga baya Anti ta faɗa mini, shi ne sai da ya taka da ƙafarsa gidajen abokan nan biyu don ya wanke ni. Kuma ba shi da sabulun wankin sai gaskiya. Ya tsaya a ƙofar kowannensu ya ce ba wiwi ba ce, kayan giya ne. Daga nan sunan da kuka ji ya fito.

Da safiyar Lahadi na same shi a kicin na ce zan ƙarasa wata shidan. Ya gyaɗa kai, bai dube ni ba. Ina shirin fita sai ya sa yatsa a kan ƙullin farko, wanda har lokacin ke kan tebur.

"Wa ya ce maka wannan goro ne?"

Na ce ɗacinsa ne ya yi mini kama.

"Kai da ba ka cin goro sai an yi suna. Ka yi mini ƙarya, wannan na ji. Amma ba za ka yi wa goro ƙazafi a gidana in ƙyale ba. Ka ce ruwa da ganye ne kawai?"

Na ce ruwa da ganye.

"Dafa."

Awa ɗaya na yi a tsaye kan tukwane uku na Anti, ina auna ƙwayoyin da ɗan ma'aunina, ita kuma tana buɗe taga tana mita cewa maƙwabta za su kira hukuma. Na tace, na bari suka huce, na zuba a kofin shayi uku iri ɗaya. Kawu ya ce in juya masa baya in cakuɗa su yadda shi ba zai san wanne ne wanne ba. Sannan ya ce a kawo masa ruwan sanyi a babban kofi. Na ɗauka na kurkure baki ne. Ya yi bismilla ya kurɓi na farko, ya riƙe, ya haɗiye. Ya jira kamar numfashi goma, ya kurɓi ruwa, ya tauna bakinsa.

"Bauri. Ruwan ma ya ƙi sauka."

Na biyu ya ɗaga gira don ƙamshin, ya haɗiye, ya jira, ya sha ruwa, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Wannan mayaudari ne. Ya yi sallama da turare, ya bar ƙaya a wuya."

Na uku ya daɗe. Ya sha ruwan, ya sake sha, ya ajiye kofin a hankali. Ya ce in zo in yi yadda ya yi. Na kurɓa, na jira, na sha ruwa. Ruwan famfon Bronx, wanda nake sha kullum, ya sauka da wani zaƙi-zaƙi mai sanyi kamar an ɗiga masa zuma.

"Ka ji?" ya ce. "Kai a baki kake neman goro. Ba a nan yake ba. Kowane banza yana da ɗaci. Goro na gari, sai ka sha ruwa a bayansa kake saninsa. Ba ka yi masa ƙazafi ba."

Na duba ƙasan kofin inda na manna alama. Magnum ne. Ban san lokacin da na fara murmushi ba, shi kuma ya gani.

"Harshena ne ya yi magana," ya ce. "Ni ban ce komai ba. Ƙarshen wata yana nan."

Litinin na jera wa mutum shida kofi uku-uku ba suna, da gorar ruwa a gaban kowa. Ban yi jawabi ba, na rubuta umarni a allo: kurɓa, ƙirga goma, sha ruwa, rubuta yadda ruwan ya zama. Suka bi umarnin. Biyar suka zaɓi kofi ɗaya. Na shidan mai dahuwa ne, ya sake gwadawa sau biyu, ya ture takardarsa ya ce shi ma. Nora ta tambaye ni a wane littafi na samo wannan gwaji, na ce wani ƙwararre ne a Harlem. Na ba ta shawara Magnum ya ɗauki ɗacin tun farkon tafasa, Cascade ɗinta kuma a jefa ɗan kaɗan bayan an kashe wuta, ya ba da ƙamshinsa ba tare da ya samu lokacin fito da ƙayarsa ba. Saaz a bar wa giyar da ya dace da ita. Haka aka ƙulla yarjejeniya. Dahuwa ta biyar da ta fito, na tsaya a gefe ina kallon fuskokinsu, ba wanda ya ajiye kofi. Mai dahuwa ya sa na koya masa kalmomin uku, ya rubuta su a bangon ɗakin gwaji da harufan da ba su da ƙugiya. Har na bar wurin ina jin Bature yana ce wa ɗan'uwansa tukunyar yau ta yi bauri. Ba na ɓoye muku, ina alfahari da wannan har gobe.

Ƙarshen wata na kwashe littattafaina na koma wani ɗaki a St. George, saman shagon wanki. Anti ta cika mini jaka da yaji da shito, soyayyen barkonon mutanen Kumasi, tana kuka tana zagina. Kawu ya tafi shago tun da wuri. Wata huɗu bai ɗauki wayata ba. In na je Juma'a Mount Hope, sai ya amsa gaisuwa kamar ta baƙo, kuma ya daina cewa "ɗana". Mahaifiyata ta kira daga gida ta yi magana mai tsawo. Na tambayi malamai biyu kamar yadda Kawu ya ce, ɗaya ya haramta kai tsaye, ɗaya ya ce in gama abin da na ɗauko in fita kada in waiwaya. Sanyin shekarar nan ni kaɗai na ci shi, da shinkafa da littafi. Da wata shida suka kusa cika Nora ta ba ni aiki na dindindin, ɗakin gwajin gaba ɗaya, har da ɓangaren mai maye. Albashin ya fi duk abin da na taɓa zato. Na gode mata a rubuce na ce a'a. Ba wanda ya sa ni, kuma ban aika wa Kawu labari ba, don kada ya zama kamar ciniki nake nema.

Saura mako biyu in gama, wata Alhamis da hantsi, aka ce wani dattijo yana nemana a waje, ya ƙi shigowa. Na fita da farar rigar aiki. Kawu ne, a tsallaken titi, ya ba masana'antar baya yana kallon ruwa. Mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a New York bai taɓa hawa feri ba, yana cewa wanda ya tsallako teku sau ɗaya ya ƙoshi. Na gaishe shi na durƙusa a kan titin. Ya ce in tashi mutane na kallo. Ya yi ƙorafin iska, ya yi ƙorafin jirgin da ba a biya, ya ce abin da ba a biya ba shi da tabbas. Sannan ya zaro ƙullin rigar nan mai laima daga aljihun kwat ya miƙo mini. Daushe ne, manya, guda bakwai.

"Mariya ta ce har yanzu kana auna ɗaci," ya ce. "Wata huɗu ba ka ga goron kirki ba. Ma'auni in ba a gyara shi ƙarya yake fara yi."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce masa saura mako biyu, kuma na ƙi aikin da suka ba ni. Bai ce madalla ba. Ya dubi agogo ya ce feri na gaba ƙarfe nawa, na faɗa masa har da minti. Muka taka zuwa tasha. A bakin ƙofa wani direban tasi ɗan Nijar da ya san shi ya yi masa sallama, ya tambaya me ya kawo Alhaji wannan tsallaken.

"Ɗana na kawo wa saƙo," in ji Kawu.

Bai taɓa kurɓar abin shan nan ba har ya bar duniya, ni ma haka. Aikin da na yi shekarun da kuka sani, a kamfanin da ba a dafa komai sai lemo da shayin kwalba, da gwajin ruwan nan na same shi, kuma duk wanda na koya wa na faɗa masa daga bakin wa ya fito. Sunan kuwa ya zauna, suna ba ya jin wanki. In an sake faɗa a gabanku kada ku yi faɗa, kada kuma ku sunkuyar da kai. Ku ce e, babanmu ne, ya yi wata shida a can. In mai maganar yana da lokaci, ku ba shi goro, ku ce ya ƙirga goma, ku miƙa masa ruwa.